Hoton Manaja

A layin masu gyaran waya, tsakanin mai ɗinkin labule da shagon aski, akwai wata 'yar ƙofa da ba a rasa bokitin fasassun gilasai a gefenta. Nan shagon Mai Gilashi yake. Gajeriya ce mai kaurin hannu, ta haura arba'in, yatsunta duk tabon yanka ne, sabo a kan tsoho. Aikinta sa hotuna a firam. Wajen mahaifinta ta gada, wanda ya so ya bar wa ɗa namiji bai samu ba, ya bar mata yana ƙunƙuni. Tun yana raye ta fi shi iyawa, kuma ba ta ɓoye masa ba.

Ka kai mata hoton aurenka ko takardar gama makarantar ɗanka, sai ta shimfiɗa a tebur ta ƙare masa kallo, sannan ta zaɓa maka katakon da ya dace. In ka ce kai mai ruwan zinariya kake so, tana iya ce maka hoton naka bai kai ba. Ta auna, ta yanka katako a karkace don kusurwoyi su haɗu, ta shafa gam, ta ɗaure, ta bi da ƙananan ƙusoshi. Gilashi kuwa layi ɗaya take ja masa, ta kawo shi bakin tebur ta danna, ya rabu tas. Aikin ƙarshe na tsumma ne. Tana da wani farin tsumma a aljihun rigar aikinta, da shi take goge gilashi ciki da waje har sai ta ɗaga shi a haske ba ta ga ko shatin yatsa ba.

Abu ɗaya 'yan layin suka san ba a yi mata wasa da shi, wato yawan 'ya'yanta. In ka tambaye ta, huɗu za ta ce. In ka tambayi mijinta, wani dogon direban motar ma'aikata mai sanyin magana, ya ce uku. In kuwa ka yi rashin sa'a ka tambayi yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma har yau take shiga gidansa kamar ɗakin ajiyarta, za ta ce uku, duk mata, ta ƙara da cewa Allah bai ba ƙaninta namiji ba tukuna.

Ya ba shi. Shi ne ɗan farinsu. Ya zo da jiki laɓo-laɓo da ƙananan idanu masu ɗan ja sama, harshensa ba ya son zama a baki, zuciyarsa kuma da huji. Ya daɗe bai zauna ba, ya daɗe bai yi tafiya ba, magana kuwa 'yan kalmomi ne da sai uwarsa ke ganewa. Yaya ta kalle shi sau ɗaya ta yanke hukunci cewa irin wannan ba a nuna shi. In baƙi suka zo, ɗakin baya. Ranar da aka kira mai hoto ya ɗauki iyali, Yaya ta sa aka kai shi gidan maƙwabta. Hoton yana nan a bangon falo har yau: direba a tsaye, matarsa a zaune, 'yan mata biyu da aka haifa a lokacin, ga Yaya a tsakiya ta baje kamar ita ta haifi kowa. Mai Gilashi ce ta sa shi a firam da hannunta, tana yi tana cizon leɓe.

Daga wannan rana ba ta sake barin yaron a gida ba. Kullum ta goyo shi zuwa shago, ta ɗora shi a doguwar kujera a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa sai ya gan shi, ko ya so ko ya ƙi. Masu aski ne suka sa masa Manaja, don yana zaune yana kallon uwarsa tana gumi, ba ya taɓa komai. Sunan ya bi shi har aka manta na gaskiya. Aiki ɗaya ya ɗora wa kansa. Duk firam ɗin da aka gama aka goge, sai an miƙo masa ya manna bakinsa a gilashin, ya bar shatin leɓe da hanci, sannan ya yarda a fita da shi. In aka tsallake shi, layin duka sai ya ji. Wani mai kaya ya taɓa yamutsa fuska ya ce a goge masa.

"Ka goge a gidanka," in ji ta. "Nan aiki ba ya fita sai Manaja ya sa hannu."

Sau ɗaya ta kai shi wajen mai hoto da kanta. Fitilar ta haska, ya firgita, ya shige ƙarƙashin tebur yana kuka, aka yi lallashin duniya ya ƙi fitowa. Ta ce bari ya ƙara girma. Zuciyar ba ta jira ba, ya rasu bai cika takwas ba. Haka matar da ta sa fuskokin rabin gari a bayan gilashi ta wayi gari ba ta da hoton ɗanta ko guda.

Direba shi ya ɗauke shi a hannu aka kai shi, ya dawo, bai sake ambaton sunansa ba. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Matsoraci ne kawai, yana tsoron yayarsa, yana tsoron abin da zai fito daga bakinsa in ya buɗe shi. Amma shirun matsoraci ma yana ciwo, kuma ya yi mata. Ita kaɗai ta rage tana cewa huɗu, shekara da shekaru, a gidan biki da layin asibiti da gaban duk wanda ya tambaya, tana faɗa da ƙarfi don Yaya ta ji.

Sai ga ciki, bayan autarta ta shiga sakandare. 'Yan matan suka yi ta dariya suna ce mata amarya. Ta ce su yi dariyarsu, su ne masu wankin. Da ta je awo, saboda shekarunta aka tura ta wajen wata likita, yarinya ce a idonta, mai tabarau da saurin magana. Likitar ta ce akwai wani gwaji da suke kan bincikensa. Ta ce ɗan da ke ciki, kaɗan daga ƙwayoyin halittarsa kan ratsa su shiga jinin uwa. In aka ɗebi jini a hannunta aka tace, akan samu 'yan kaɗan, a duba su, ba sai an taɓa cikin ba.

"Wato tun bai zo ba ya fara yawo a jikin mutum," in ji Mai Gilashi. "Ɗebi."

Yaya ta biyo su ran nan ba wanda ya gayyace ta. Lokacin da Mai Gilashi take bayan labule ana ɗaure mata hannu ana neman jijiya, nas ta leƙo waje ta tambayi 'yan rakiya haihuwa nawa. Direba ya buɗe baki, Yaya ta riga shi.

"Uku. Duk mata, duk lafiya lau."

Direba ya mayar da bakinsa ya rufe. Mai Gilashi ba ta ji ba. Da ta ji, da asibitin nan ya san ta zo.

Da sakamako ya fito, su biyu suka koma. Likitar ta juyo musu da allon kwamfuta. Baƙi ne wuluk, a tsakiya wani abu mai shuɗi kamar ɗigon shuni a ruwa, a cikinsa 'yan ɗige-ɗige masu haske. Ta ce wannan ƙwaya ɗaya ce cikin waɗanda aka tsamo. Ta ce a kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma akan sa musu launi don a iya ƙirga su. Ta nuna wani koren ɗigo a gefe.

"Wannan alamar namiji ce."

Direba ya gyara zama. Mai Gilashi ta ga yadda fuskarsa ta buɗe, ta kau da kai.

"Waɗannan jajayen kuwa," likitar ta rage murya, "biyu ya kamata mu gani. Ga su uku. Mama, ba tabbas ba ne tukuna, sai an ƙara dubawa. Amma yaran da ke zuwa da wannan, yawanci sukan yi jinkirin tafiya da magana, idanunsu kan..."

"Ba sai kin faɗa min ba."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Mace ce da bakinta bai taɓa mutuwa ba, amma ran nan abin da ta iya faɗa ke nan. Likitar ta biyo su har ƙofa tana cewa su dawo a yi hoton ciki da babbar na'ura, direba ya amsa da ka.

Kafin su isa gida labari ya riga su, don direba ba ya iya ɓoye wa yayarsa komai. Suka tarar da ita a falo a ƙarƙashin babban hoton nan. Ta fara da jaje, ta bi da nasiha. Ta ce ƙaninta ya tsufa, ba shi da ƙarfin sake ɗaukar wahala. Ta ce tun da Allah ya sa an gani da wuri, ai likitoci sun san abin yi, ba sai kowa ya ji ba.

Mai Gilashi tana cire takalmi, ba ta ɗago ba.

"Sake ɗauka, Yaya? Ashe an taɓa ɗauka. Ni ina ce uku ne, duk mata."

"Kin san abin da nake nufi."

"Na sani. To ki ji nawa. Doguwar kujerar tana nan a shago, ban sayar ba. In irinsa ne, a bakin ƙofa zai zauna. Kuma wannan, tun ranar da ya faɗo za a ɗauke shi hoto, ko yana kuka ko yana me. A nan zan rataye, saman kanki."

Yaya ta juya ga ƙaninta ta ce ya ji abin da matarsa ke gaya mata. Ya ji. Ya ce bari ya je ya duba motar, kamar ya bar fitila a kunne.

Kada a ce Mai Gilashi ba ta ji tsoro ba. Ta ji, sosai. Ta san zaman asibiti, ta san yadda leɓen yaro ke yin shuɗi in numfashi ya ƙi, ta san nauyin ƙaramin jiki da ya daina motsi. A kwanakin nan ta fasa gilashi biyu, abin da ta shekara goma ba ta yi ba, har mai labule ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa gilashin yanzu ne ba shi da kyau. Amma ta sauko da kujerar daga saman kabad, ta kakkaɓe ta, ta ɗaure mata ƙafar da ke rawa.

Ranar hoton ciki Yaya ta sake biyo su, wai don ta ji da kunnenta. Aka shafa wa Mai Gilashi wani mai mai sanyi a ciki, likitar ta yi ta yawo da na'ura tana kallon allo. Ta daɗe. Ta auna wuya, ta auna ƙashin hanci, ta tsaya a zuciya tana ƙirga ɗakunanta. Sannan ta gangara ƙasa, ta tsaya, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta fita ta kira wani babban likita, shi ma ya duba, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, ya fita.

"Mama, akwai abin da bai haɗu ba," in ji ta. "Wannan da nake gani mace ce. Ba na shakka. Kuma ban ga abin da ya tayar min da hankali a jikinta ba. Amma ƙwayoyin da muka samu a jininki na namiji ne. Ba nata ba ne." Ta duba takardar da ke gabanta. "An ce mana haihuwarki uku, duk mata. Ko kin taɓa yin ɓari?"

Mai Gilashi ta ɗago kai daga gadon.

"Wa ya ce miki uku?"

Yaya ta shiga gyaran mayafi. Direba ya sami wani abu a ƙasa yana kallo.

"Huɗu," in ji Mai Gilashi. "Na farko namiji. Irin yaran da kika fara ba ni labarinsu ran nan. Ya rasu da daɗewa."

Likitar ta ajiye na'urar a hankali. Ta ce da sun san haka tun farko, da ba su karanta sakamakon yadda suka karanta ba. Ta ce wannan yana cikin abin da ke ba su wahala a gwajin: ƙwayoyin ɗa ba duka suke barin jikin uwa bayan haihuwa ba, wasu kan zauna, an sha samun su bayan shekaru masu yawa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma mafi kusa shi ne na wancan yaron suka tsamo. Game da wannan ta cikin kuwa, gwajin bai ce komai ba ke nan, in ana son tabbas sai an zuƙo ruwan mahaifa da allura.

Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi, ashe tsoron banza ne.

Mai Gilashi ba ta ko kalle ta ba. Ta tashi zaune, cikin a buɗe, abin sanyin yana gangarowa.

"Tsaya, Likita. Ki maimaita min a hankali. Abin nan mai shuɗi da kika nuna mana, na jikinsa ne? Shi kansa?"

"Ƙwayar jikinsa ce, in dai haka ne."

"Kuma da rai kuka same ta?"

"A jininki take yawo, Mama. Da ranta."

Ta kalli hannunta, inda aka soka allurar, wurin har ya warke. Duk shekarun nan tana rigima da mutane a kan yaron da take ganin an kai an rufe, ashe yana nan yana zagaya ta, yana bi ta yatsun da take yanka gilashi da su. Duk yankan da ta yi ta tsotse jinin ta ci gaba da aiki, har da shi a ciki. Kuka ya zo mata, ta danne shi, don ba a gaban Yaya za ta yi ba.

"Ana iya fitar da shi a takarda?"

"Sakamakon?"

"Hoton. Mai kyau nake so, mai launi, a takarda mai kauri. Kada a rubuta komai a kai."

Likitar ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi sauran biyun, kamar ta fahimci abin da ba a gaya mata ba. Ta ce za ta sa a yi. Ta tambaye ta batun allurar. Mai Gilashi ta ce za ta yi tunani, amma ita wannan ta zo yadda ta ga dama, kujera tana nan.

Yini guda ta ba firam ɗin, ta mayar da masu kaya biyu. Ta fito da wani baƙin katako da mahaifinta ya bari, wanda ta hana kowa shekara da shekaru. Ta sa farin kwali mai faɗi a kewaye don shuɗin ya fito. Ta ja layinta ɗaya, gilashi ya rabu tas. Ta goge ciki da waje, ta ɗaga a haske. Mai aski ya shigo aron guduma, ya ga abin, ya tambaya ko taurari ne.

"Manaja ne," ta ce.

Ya tsaya yana kallo, ya cire hularsa ya mayar, ya fita bai ɗauki gudumar ba.

A gida ta hau kujera ta cire hotunan bangon falo duka. Na 'yan matan uku ta matsar da su gaba ɗaya bayan ɗaya, ta bar gurbin farko. Babban hoton iyali ta sauko da shi ƙasa kaɗan. Ta buga sabuwar ƙusa a sama, ta rataye na Manaja a farkon layi, inda duk wanda ya shigo da shi zai fara cin karo. 'Yan matan suka taru tana ba su labari. Autar, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce ashe yayansu kyakkyawa ne, suka yi dariya har da hawaye. Direba ya dawo daga aiki ya tsaya a ƙofa ya kalli bangon. Ya wuce ciki. Ta bi bayansa da harara, ta ce a ranta wannan mutum ko bango ne ya faɗo masa shiru zai yi.

Washegari da hantsi sai ga Yaya. Ko zama ba ta yi ba.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kin san ko wane ne."

"Abin asibiti za ki rataye wa mutane a falo? Duk wanda ya shigo ya tambaya, a ce masa me?"

"A turo min shi. Ba na gajiya da amsawa."

Yaya ta matsa kusa, ta ɗaga kai tana ƙare masa kallo, tana neman abin kushewa. Ta samu.

"Ke da ake yabon tsabtar aikinki. Ga shatin baki nan ɓaro-ɓaro a gilashin, har da na hanci. Ko gogewa ba ki yi ba."

Mai Gilashi ta zaro farin tsumman daga aljihu, ta matso. Ta ɗaga kai. Shatin yana nan a tsakiya, daidai kan shuɗin, babba, na leɓe da hanci. Ta san yadda ta bar gilashin nan jiya. Ta auna tsayin wurin da ido, irin awon da ba ta kuskurewa.

"Ba nawa ba ne, Yaya. Ni sai da na hau kujera. 'Yan matan ma ba mai kaiwa nan."

Suka juya tare. Direba yana bakin ƙofa a duƙe yana ɗaure igiyar takalmi, ya daɗe yana ɗaure ta. Yaya ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce ya yi wa matarsa magana ta sauke abin nan.

Ya miƙe tsaye, duk tsawonsa. Wannan karon muryarsa ta fito.

"Ki bar shi, Yaya. Ɗana ne, babban. Manaja." Ya kalli hoton. "Ya isa haka zaman ɗakin baya."

Ya ɗauki makullin mota ya fita da sauri. Yaya ta tsaya baki buɗe tana kallon ƙofar. Mai Gilashi ta ninke tsumman gida huɗu, ta mayar da shi aljihu.